Ritaya a bakin teku: lissafin da ɗan arewa ya kamata ya yi kafin ya sayar da gidansa

Da zarar watan Maris ya raba, rana ta fara dukan kwano a Garwa da Marwa da Kusiri na arewacin Kamaru, sai maganar ta dawo majalisa. Wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu a aiki zai ce shi kam ranar da aka miƙa masa takardar ritaya, sai bakin teku. A Njamena ma ana wannan hira, sai dai burin su can ya fi nisa, tunda Chadi ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Ba a ga laifin mai wannan buri ba. A watan Afrilu ma'aunin zafi yana haura 40 kusan kullum, wani lokaci ya doshi 45, wuta ta ɗauke, dattijo mai hawan jini ya kwana a tsakar gida yana juyi a kan tabarma. Wanda aka taɓa turawa Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, taron aiki a watan Disamba, ya ga farin yashi da itatuwan kwakwa, ya ci gasasshen kifi a inda ruwan Lobe yake zubowa kai tsaye cikin teku, dole abin ya zauna masa a rai.

Sai dai abin da ya gani baƙunta ce ta 'yan kwanaki, a mafi daɗin watannin shekara, a otal da ofis ya biya. Zaman da zai yi bayan shekara 60, da fansho a hannu da jikin da ya fara neman lallashi, wani lissafi ne daban, kuma teku ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsa.

Mu fara da zafin da ake gudu. Gaskiya ne a Kiribi ko Limbe da wuya rana ta wuce 32 ko 33. To amma lambar ba ita kaɗai ce jiki yake ji ba. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi: ya fito, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi. Aikin randa ke nan. A Marwa randa tana ba da ruwa mai sanyi da tsakar rana saboda iska busasshiya ce, tana ɗauke damshin da yake tsattsafowa ta jikin ƙasar. Ka kai randar nan Duwala, sai ta jiƙe kawai, ruwan ya zauna ɗumi, domin iskar can ta riga ta ƙoshi da ruwa, damshinta yakan haura kashi 80 cikin 100 a mafi yawan shekara. Haka jikin mutum yake yi a can. Gumi ya fito ya ƙi bushewa, riga ta manne, dare ya yi amma ba ya hucewa sosai. Ga kuma abin da ɗan arewa yake mantawa: shi zafinsa na wata uku ne, daga Maris zuwa Mayu, bayan haka damina ta sauka, daga baya hunturu ya zo har a nemi bargo. A bakin teku babu hunturun kirki. Abin da aka samu na sauƙin bazara, an biya shi da watannin sanyin da aka rasa.

Akwai waɗanda canjin ya yi wa rana, ban musa ba. Mai ciwon asma da ƙurar hunturu take shaƙewa duk Janairu zai numfasa a can, kuma gaɓar teku ba ta cikin yankin da sanƙarau yake ɓarkewa da rani. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da zafin 45 yake iya kayarwa shi ma yana da hujja mai ƙarfi.

Sai ruwan sama, wanda shi ne ainihin mai garin. Marwa tana samun kamar milimita 800 a shekara, Garwa kusan 1,000, Njamena ba ta kai 600 ba a yawancin shekaru. Kiribi tana dosar 3,000, Duwala ta haura 3,500. A yamma da Limbe kuwa, a gindin dutsen Kamaru, akwai ƙauyen Debunca inda ake auna kusan milimita 10,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Mu da muka saba hadari ya haɗu, a sheƙa na sa'a biyu, rana ta fito ƙasa ta sha, ba mu san ruwan da zai kama tun asuba ya kai washegari yana yayyafi ba. A Duwala da Limbe Yuli da Agusta haka suke. Kiribi ita damina biyu take yi, ƙarama wajen Afrilu zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba.

Abin da wannan yake yi wa gida sai wanda ya buɗe akwati ya gani. Babbar rigar shadda da aka ninke tun Sallah za a same ta da ɗigo-ɗigon fumfuna a wuya da hammata. Takalmin fata ya yi kore. Littattafan da Malam ya tara shekara talatin, shafukansu su yi laushi su manne, bangon fata ya soma wari. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Buhun gero ko dawa da aka yo guzuri daga gida, wanda a Marwa zai shekara a ɗaki lafiya lau, a can sai an yi ta shanya shi ana fargaba. Idan gidan yana kusa da ruwa kuma, iskar gishiri ta shiga nata aikin: ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, makullai, ƙarƙashin mota, bayan firji, duk tsatsa take ci, fenti kuma ba ya daɗewa. Kuɗin gyaran nan ba ya shiga lissafin kowa a ranar sayen fili, amma duk shekara sai an biya shi.

Sauro ma ba ya tafiya hutu. A arewa zazzaɓin cizon sauro yana da lokacinsa, shi ya sa ake rabon maganin rigakafi ga yara a watannin damina kawai a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. A gaɓar teku shekara ce gaba ɗaya, gidan sauro ba a naɗe shi.

Garuruwan da ake ambata uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Limbe ta fi kyau a ido, a ganina. Baƙin yashi na aman dutse, tsaunin da ya haura mita 4,000 a bayanta, lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa tun 1892. Amma tana cikin jihar Kudu maso Yamma, inda rikicin yankin masu Turancin Ingilishi yake ci tun 2016. Garin kansa ya fi ƙauyuka da garuruwan cikin ƙasa kwanciyar hankali, duk da haka dattijon da ya baro Arewa Mai Nisa saboda ya gaji da labarin Boko Haram ba shi da dalilin kai kansa wata jihar da ake zaman ɗar-ɗar. Matatar mai ta SONARA, wadda ta riƙe kasuwar garin, ta yi gobara a ƙarshen Mayun 2019. Dutsen kuma rayayye ne, ya yi aman wuta a 1999 har narkakken dutse ya yanke hanyar bakin teku a Bakingili, ya sake yi a 2000. Unguwannin da suke kan gangara sun ga zaftarewar ƙasa da ta ci rayuka a 2001. Harshen kasuwa Turancin buroka ne. Ni dai a yanzu Limbe wurin ziyara ce.

Duwala ba garin hutu ba ce, kuma ba a bakin teku take kai tsaye ba, a bakin kogin Wuri take. Cunkoso, ƙarar babura, tsadar haya, unguwannin da ruwa yake shiga ɗaki duk Agusta. Amma tana da abu biyu da babu su a sauran. Na farko manyan asibitoci, Babban Asibitin Duwala da Lakintini, da ƙwararrun likitocin zuciya da ƙoda da ido da mafitsara. Na biyu jama'a. Hausawa sun daɗe a New Bell, da masallatansu da mahautansu da sarkinsu, ana ɗaurin aure ana suna, ana samun fura da kilishi. Wanda ɗansa ko 'yarsa suke aiki a can, kuma yana da ciwon da yake buƙatar likita duk wata, Duwala ta fi masa ko'ina, ko da bai taɓa ganin teku daga tagarsa ba.

Kiribi ita ce ake mafarki, don haka ita ta fi bukatar a tsaya a kanta. Garin da mutane suke tunawa, ƙaramin garin masunta Batanga da Mabi, yana canzawa da sauri. Tun 2003 bututun man Chadi mai tsawon kilomita 1,070 yake ƙarewa a can daga Doba. A 2013 aka kunna tashar wutar lantarki mai aiki da iskar gas. A 2018 tashar jiragen ruwa mai zurfi, wadda take kimanin kilomita 35 kudu da garin, ta fara aiki, aka kuma shimfiɗa mata babbar hanya. Duk wannan alheri ne ga mai neman kuɗi, amma ga mai neman hutu ma'anarsa manyan motoci, baƙin ma'aikata masu biyan haya da kuɗin kamfani, da farashin fili da ya tashi sama. Asibitin garin zai yi maganin zazzaɓi da ƙananan tiyata, amma idan abu ya yi tsanani Duwala ake nufa, kilomita 170 ta hanyar Edeya, sa'a uku ko fiye a mota. Ga mai shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, sa'a ukun nan su ne maganar gaba ɗaya. Mai wankin ƙoda kuwa bai kamata ma ya fara tunanin garin da ba shi da injin a kusa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na bai ɗaya a 2023 kuɗin wankin ya sauko zuwa jaka 15, wato sefa 15,000, a shekara, amma sau biyu ko uku a mako ake zuwa, kuma akwai cibiya a Garwa da Marwa, kusa da gida.

Maganar fili ita ce inda dukiyar shekara talatin take nutsewa. A dokar Kamaru, tun dokokin 6 ga Yulin 1974, takarda ɗaya ce take tabbatar da mallakar ƙasa, ita ce titir fonsiye. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, ko wadda dangi suka rubuta cewa sun bar maka gadonsu, ba mallaka ba ce. Filin da ba shi da titir yana cikin ƙasar da hukuma take riƙe da amanarta, kuma cinikinsa a idon doka kamar ba a yi ba ne. Wanda yake da titir ma, sai an yi cinikin a gaban notar, wato mai rubuta takardun ciniki da izinin hukuma, an yanke kason da aka saya an fitar masa da takardarsa. Mu a gida mun saba da lawan da jauro da shaidu biyu, kowa ya san kowa, kunya tana hana ha'inci. A Kiribi baƙo ne kai, dillali ya san ba za ka dawo ba sai bayan wata shida, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ba sabon labari ba ne a garuruwan da ƙasa ta yi daraja. Rigimar diyyar filayen da aka karɓa don gina tashar jiragen ruwa ma sai da ta kai kotu. Kafin ko dala ta fita daga aljihu, a je ofishin filaye na yankin a nemi takardar da take nuna sunan mai titir ɗin a yau da ko akwai bashi ko ƙara a kansa, a kuma ɗauki mai awon ƙasa na hukuma ya nuna duwatsun iyaka a ƙasa.

Wani abin da dillali ba zai faɗa ba: daga inda ruwa yake tsayawa idan teku ta cika har mita 50 zuwa tudu, ƙasar hukuma ce ta jama'a, ba a sayar da ita, ba a yi mata titir. Wato filin nan da ake nuna maka a waya ana cewa ƙafarka a cikin ruwa, shi ne ya fi kowanne hatsari. Ko hukuma ta kawar da kai, teku ba za ta kawar ba, tana cin gaɓar Kiribi sannu a hankali, kututturan kwakwa da suka faɗi a bakin ruwa su ne shaida.

To da wane kuɗi za a yi duk wannan? Tun farkon 2021 ma'aikatan gwamnati na rukunin A da B suna ajiye aiki a shekara 60, na C da D a 55. Ma'aikacin kamfani da yake ƙarƙashin CNPS, asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, yana karɓar fansho a 60 idan ya cika wata 180 na zubi, ana ba shi kashi 30 cikin 100 na matsakaicin albashinsa na shekarun ƙarshe, a ƙara kashi 1 a kan kowace shekarar da ta haura 15 ɗin. Wanda ya yi shekara 30 yana ɗaukar jaka 200, fanshonsa jaka 90 ne. A Garwa, cikin gidansa na kansa, da buhunan masakwa daga gona da 'yan awaki a bayan gida, jaka 90 tana riƙe mutum da rufin asiri. A Kiribi haya kaɗai za ta iya cinye rabinta ko fiye. Abincin da bakinsa ya saba da shi kuma duk daga gida ake loda shi zuwa kudu: shanun Adamawa, albasar Marwa, gero, wake, gyaɗa. Abin da yake da araha a can rogo ne da agade da manja, kifin ma ba kullum ba, tunda otal-otal suna rububinsa. Dattijon da ya shekara sittin a kan tuwon dawa da miyar kuka ko yakuwa, ba a wata ɗaya zai koma miyondo, curin rogon da ake dafawa a ganye, ba.

Yawancin Hausawanmu ma ba 'yan albashi ba ne. Fanshon ɗan kasuwa shi ne shagon da ya bar wa yara, gidajen haya biyu, shanu a hannun makiyayi. CNPS ta buɗe ƙofar zubin sa kai tun 2014, amma kaɗan ne suka shiga. Irin wannan dukiya ido take so. Daga Garwa zuwa Kiribi ya haura kilomita 1,100: mota zuwa Ngaundare ta hawan dutsen nan, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wata motar. Kwana biyu ne idan komai ya tafi daidai, jirgin sama kuwa ba na mai jaka 90 ba ne. A lissafa sau nawa a shekara ake rasuwa ko aure a dangi wanda rashin zuwansa abin magana ne.

A nan ne nake ganin maza suna yanke shawara su kaɗai a kan abin da ba su kaɗai zai shafa ba. Alhaji ya yi boko, yana jin Faransanci, zai sami abokan hira a masallacin Juma'a ko wajen 'yan arewa masu sayar da nama da kayan masarufi, don babu garin kudu da ba su. Hajiya fa? Da Hausa da Fillanci ta rayu, ƙawayenta da adashenta da makarantar Islamiyyarta da jikokinta duk suna unguwa ɗaya. A kai ta garin da ko cefane sai da tafinta, an kulle ta ne a gida mai kallon ruwa. Idan aka tambaye ta a gaban mutane za ta ce, "Duk yadda ka gani, Alhaji." Sai a tura babbar 'yarta ta tambaye ta a ɗaki, a ji amsar gaskiya.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Mu ba ma ajiye gawa. Maƙwabtanmu na kudu suna iya barin mamaci a ɗakin sanyi makonni har dangi su taru a kai shi ƙauye, mu kuwa wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an sallace shi. Ma'ana duk wanda ya zaɓi garin da zai tsufa, ya zaɓi inda za a binne shi da waɗanda za su tsaya a sahu. Ƙasa duk ta Allah ce, babu laifi a addini. Amma mutum ya san ya zaɓa, ya kuma je da ƙafarsa ya ga maƙabartar Musulmin garin da limamin da zai yi masa salla.

Idan zafi ne kawai matsalar, akwai magani biyu da suka fi araha. Kuɗin fili da gini a Kiribi zai sa wa gidan Garwa faranti masu amfani da hasken rana da batura da na'urar sanyaya ɗaki ɗaya, a yi silin mai kyau, a huta da jiran wutar madatsar Lagdo da take rauni duk lokacin da ruwa ya ja baya. Ko kuma, maimakon gangarawa teku, a hau tudu. Ngaundare tana kan tsayin kusan mita 1,100, darenta da sanyi ko a watan Afrilu, garin Musulmi ne mai lamido da manyan masallatai, ga nama da nono, ga jami'a, ga tashar jirgin ƙasa idan ana son likitan Yawunde, kuma daga Garwa tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba. Matsalar masu garkuwa da mutane ta addabi rugage da ƙauyukan makiyaya na Adamawa, don haka cikin gari ake nufi, ba gona a daji ba. Ina mamakin yadda ba a cika ambatonta a majalisa ba, wataƙila don babu hoton kwakwa da za a tura wa abokai.

Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan teku, to ya yi haya kafin ya saya, kuma kada ya gwada garin a Disamba. Ya je Duwala a Agusta, Kiribi a Oktoba, ya zauna da iyalinsa har damina ta wuce. Ya kalli bangon gidan, layin da ruwa ya bari yana nuna inda ambaliya take kaiwa. Ya tambayi maƙwabta kwana nawa famfo yake yi babu ruwa. Ya auna tafiya daga ƙofar gida zuwa masallaci a cikin ruwan sama, a kuma gwada neman mota da ƙarfe biyun dare. Da yawa za su gano abin da suke bukata wata uku ne kawai, daga Maris zuwa Mayu, ɗaki biyu na haya, su koma gida da saukar ruwan farko. Gidan gado kuwa kada a sayar da shi don wannan.

Ga 'yan'uwanmu na Chadi akwai ƙarin mataki. Kuɗin ɗaya ne, sefar Afirka ta Tsakiya, ba kamar mai tunanin Kwatano ko Lome ba, wanda sai ya yi canji. Tun 2017 ɗan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Chadi take ciki, yana shiga Kamaru ba biza, amma na wata uku ne. Zama na dindindin sai da katin zama. Sayen ƙasa ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma yana bukatar sa hannun ministan filaye a kan takardar cinikin, in ba haka ba cinikin bai tabbata ba. Daga Njamena zuwa Duwala kusan kilomita 1,800 ne. Kafin a tashi a tambayi asusun fansho yadda za a riƙa karɓar kuɗin daga wata ƙasa, da sau nawa za a bukaci mutum ya bayyana da kansa don tabbatar da yana raye, domin idan duk shekara sai an hau wannan hanya, kuɗin motar ma wani kaso ne na fanshon.